Ɗanyar Ƙaya a Tungar Magarya

Tun da na komo daga Isa, can ƙasar Gobir, ba ku bar ni na huta ba. In na zauna bakin masallaci, sai wani ya ce, "Malam Umaru, ba ka ba mu labarin Isa ba." In na biyo ta kasuwa, wani ya tare ni yana shafa sirdin sabon kekena, yana tambaya wai ko gaskiya ne Faransawa na cin kwaɗi. To, za ni faɗa muku sau ɗaya, wanda ya sake tambayata bayan wannan mun ɓata. Labarin ba shi da daɗi, kuma ni ne ban fito da kyau a cikinsa ba.

Ga wanda bai san aikina ba, ni malamin duba-gari ne, amma ba irin mai leƙa randunan mata yana neman tsutsa ba. Shekara da shekaru ina bin Baturen likitan nan da kuka laƙaba wa Mai Lofe, duk inda annoba ta ɓulla. Shi ba ya tsaga ƙurji, ba ya ɗaure karaya. Aikinsa bin sawun ciwo har ya gano inda ya fito. Tambaya uku ya koya mini: wa ya kamu, a ina, yaushe. Yana da taswira da yake ɗiga wa jan tawada, inda ɗigo ya taru, nan ne gidan ciwo. Ni ne bakinsa, ni ne kuma ƙafarsa, don bai cika son sauka daga mota ba.

Bazara ta raba tsakiya aka bugo waya cewa sanƙarau ya ɓulla a ƙasar Isa. Kun san shi. Mutum ya wayi gari lafiya lau, kafin la'asar wuya ya ƙage, kai ya koma baya, kwana biyu a ɗauke shi. Muka ɗora akwatin magani da gadon Likita da bahon wankansa a bayan mota, muka bi ta Wurno da Goronyo. A wata mashigar gulbi da babu ko ɗigon ruwa, motar ta nutse cikin rairayi har ciki. Direba ya zagi motar, ya zagi wanda ya ƙera ta. Mutanen wani ƙauye suka fito da zana da itace suka shimfiɗa ƙarƙashin taya, suka yi ta turi cikin rana, Likita yana zaune a ciki yana busa lofensa. Da muka fita sai ya leƙo ya ce in gaya musu su riƙa tafasa ruwan sha. Na ce musu yana godiya.

A Sabon Birni Likita ya sauka bariki, ni aka kai ni gidan wani falke mai kai goro Maraɗi. Yana jin harshena ya juya ya ce wa mutanen zaure, "Basakkwace ya taho, ku rufe rumbu." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na gane Bagobiri bai manta abin da ya shiga tsakanin kakanninmu ba, wasa kawai ya mayar da shi. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da busasshen kifi, yajin da ke ciki sai da ya sa na share hawaye da hannun riga. A gidan nan na fara lura iyaka ba ta dame su ba. Mutum zai ce za shi gaida gwaggonsa, ashe ƙasar Faransa yake nufi, ya je ya dawo kafin magariba. Na ji wannan da kunnena, amma ban ajiye shi inda ya kamata ba.

Washegari muka isa Isa. Likita ya shimfiɗa taswirarsa a teburin bariki, yana jiran a kawo masa labari, labari ya ƙi zuwa. Ba abin mamaki ba ne. Garin da aka samu sanƙarau, a rufe kasuwarsa, a kware jinkan ɗakuna wai don iska ta shiga, a kwashe marasa lafiya a kai su rumfa bayan gari, a sa 'yan doka su tsare hanya. Wane mai hankali ne zai ce akwai ciwo a gidansa? Duk ƙauyen da ka tambaya, lafiya lau, sai godiya.

Ni kuwa ina da dabarata, kuma ina alfahari da ita. Ba na tambayar masu rai, maƙabarta nake zuwa. Mutanen wajen in sun rufe gawa sai su sara ƙaya su lulluɓe kabarin saboda kura. Ƙayar da aka sara cikin makon nan ganyenta kore ne shar, ta wata guda ta yi ja, ta bara kuwa ta bushe ta karairaye. Da ido kawai nake sanin mutum nawa aka rufe, da kuma yaushe. Likita ya taɓa yaba mini wannan a gaban Di'o, Baturen mulki, na yi kwana uku kaina na fashewa.

Aka ara mini wata tsohuwar goɗiya, na yi arewa. Dabbar nan ta san kowace rijiya a ƙasar Isa, kuma ba ta wuce ko ɗaya sai ta tsaya. Kusa da Tozai ta ga takarkari ta zabura, ta zubar da ni cikin gonar wani, jakar magani a gefe, hulata a gefe. Matan da ke ɗibar ruwa suka yi mini sannu suna toshe baki. Haka na bi ƙauye bayan ƙauye, ƙaya duk busasshiya, har na kai Tungar Magarya, gari na ƙarshe kafin iyaka.

Mai garin sunansa Magaji Barmo, dogon tsoho mai tsagar Gobirawa, ba ya magana sai ya yi shiru tukuna. Ya sauke ni a zaurensa, ya sa aka dama mini fura da nono mai kauri, aka yanka mini kaza. Na ci na ƙoshi, sannan na fito da littafina na tambaye shi ko an yi rashi a garin.

"Mutanena biyu sunka rasu," in ji shi. "Wani tsoho da wata jinjira."

Da safe na zagaya maƙabarta ni kaɗai. Ɗanyar ƙaya na gani jere, ganye kore kamar yau aka sara. Na ƙirga da yatsun hannuwana biyu, yatsu suka ƙare, kabari bai ƙare ba. Raina ya ɓaci. Na dawo na same shi a ƙofar zaure, mutanensa na kewaye da shi, ban ko jira su watse ba.

"Magaji, jiya ka ce mini biyu."

"Biyu na ce, Malam."

"To waɗancan da ke ƙarƙashin ɗanyar ƙaya fa? Tumaki kunka rufe?"

Ya dubi mutanensa. Sannan ya ce, a hankali, "Malam, ka sha ruwan gidana. Ka rubuta biyu, ka wuce."

Na ce masa ba a sayen bakina da kaza. Na ce tsoho da shi, da rawani a kansa, yana ƙarya mutane na mutuwa. A gaban talakawansa na faɗi haka, mutumin da a shekaru ya haife ni ya haifi yayana.

Na aika wa Likita labari, bayan kwana biyu ya iso da 'yan doka. Ya ɗiga jan tawadarsa a kan Tungar Magarya, ya ce an gano gidan ciwo. Aka kware jinkan gari kaf, mata da yara suka koma ƙarƙashin itatuwa cikin zafin nan. Aka rufe kasuwa daidai lokacin da mutane ke neman iri. Magaji kuwa aka tasa shi gaba a ƙafa har Isa, aka ajiye shi yana jiran Di'o ya zo rangadi ya yanke ko za a cire masa rawani saboda ɓoye annoba. Ni aka bar ni in tsare garin, in rubuta duk wanda ya kamu.

Na kwana bakwai, littafina fari fat. Ko ciwon kai ba wanda ya yi. Garin da ake cewa gidan sanƙarau ne, ba yaro ɗaya da wuyansa ya ƙage. Ba kuma mai yi mini magana. Abinci ma wata tsohuwa ce kaɗai ke kawo mini, Gwaggo Jimma, ta dangwarar da akushi ta juya. Ranar nan na yi mata godiya sai ta tsaya, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai ƙirga ƙaya?"

Na ce ni ne.

"Ka ƙirga ƙaya, ka tambayi wa ke kwance ƙarƙashinta? Ni ke wankan gawar mata a garin nan. Ban da tsohon nan guda, duk ni na wanke su da hannuna. Wane irin ciwo ne wannan da ya san mace daga namiji, malamin Bature?"

Ta ɗauki akushin jiya ta tafi. Tambaya uku aka koya mini, na amsa biyu na tsallake ta farko.

Da hantsi na ji hayaniya a hanyar arewa. Wasu maza uku ne suka zo da takarkari, sun ɗora wata mata a kai an tokare ta da tabarma, kanta ya koma baya. 'Yan doka suka tare su. Wani dattijo daga cikin gari ya fito yana roƙo, yana cewa ɗiyarsa ce, gida aka kawo ta jinya. Aka ce ba shiga. Na ruga na fito da farar ƙwayar da muke bayarwa, na jiƙa ta a ruwa, amma haƙoranta sun riga sun datse. Suka juya takarkarin suka koma inda suka fito, uban yana tsaye yana kallonsu.

Nan na gane. Mu ma a Sakkwato muna yi, in ciwo ya tsananta wa matar aure, gidan ubanta ake kai ta. Bambancin kawai, mu gidan uban yana bayan layi, su kuwa yana wata ƙasa. Na tuɓe kakin aiki na sa riga, na ɗaure goɗiya, na bi sawun takarkarin a ƙafa.

Masu tambayata yadda iyaka take, tarin duwatsu ne da wani guntun ƙarfe a tsakiya, awaki na kiwo gefe da gefe. Bukkar gardi, wato 'yan dokan Faransa, tana can kan babbar hanya inda ba mai bi sai wanda bai san gari ba. Ketaren kuma tsaga ɗaya, fura ɗaya, sallama ɗaya. Ban ga mai cin kwaɗo ba. Abin da na gani kawai, in ka ambaci kumandan, Baturen mulkinsu, sai mutum ya waiwaya bayansa kafin ya amsa.

Garin sunansa Garin Tanko, kuma nan ne gidan ciwon. Kusan kowane gida akwai na kwance, an ɓoye shi a ƙuryar ɗaki an toshe ƙofa da zana. Matar da ke kan takarkari ta cika tun kafin su kai. Wanda ya sauke ni wani saurayin magidanci ne, Labbo, ya ba ni ruwa da hoce, ya zauna nesa da ni. Ya ce tun kakanni Garin Tanko daga Tungar Magarya suke auro mata. Da ciwo ya shigo, mazan da yaran da suka mutu an rufe su a bayan gida shiru, ba ƙaya ba komai. Mata kuwa ba mai iya riƙe ɗiyar wani tana mutuwa a hannunsa, sai a kai ta ga iyayenta.

"Don mi ba ku faɗa ba a kawo muku magani?" na tambaye shi.

"Ku jinka kuke kwarewa," in ji shi. "Mu nan wuta ake sa wa. Gida da rumbu, har irin shuka."

Yara uku suna leƙowa ta bayan danga. Ya ce nasa ne, uwarsu na cikin waɗanda aka kai. Ya ce ɗiyar Magaji Barmo ce, ta fari, ita aka fara rufewa. Wato ranar da nake tsaye ina ce wa tsohon nan maƙaryaci, ɗiyarsa na ƙarƙashin ƙayar da na ƙirga, kuma kun san uba ba ya ambatar ɗan fari, balle ya yi kukansa a gaban baƙo. Labbo ya raka ni har tarin duwatsu. Ya ce, "Malam, don Allah ba ka zo ba." Na ce za ni san yadda na yi.

Na sukwani goɗiya zuwa Isa, karo na farko da ta yarda ta yi sauri. Kafin in ga Likita na nemi inda aka ajiye Magaji. Na same shi zaune a inuwar bango, rawaninsa ya yi datti. Na durƙusa na ce na je Garin Tanko, na ga komai, ya gafarce ni, yau za ni wanke shi.

"Kada ka wanke ni," in ji shi. "Rawani ne, su ɗauka. Jikokina na can, abincinsu na cikin rumbun can. Ka bar ni maƙaryaci."

Na ce masa Likita mutum ne mai hankali, zai aika magani, ba zai bari a ƙona kowa ba. Ya dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya ce zai ɗauki buhu.

Yanzu sai in gaya muku gaskiya. Na faɗa wa kaina don magani za ni faɗa, akwai mutanen da ƙwayar nan za ta tsamo, kuma wannan ba ƙarya ba ne. Amma akwai wani abu kuma. Na yi kuskure, na gano shi da ƙafata, ina son Mai Lofe ya san ni ne na gano. Na shiga bariki na zayyana masa duka, na roƙe shi maganar ta tsaya tsakaninmu, ya ba ni magani in kai a ɓoye.

Ban taɓa ganin ya yi murna irin ta ranar ba. Ya ajiye lofe, ya buga mini kafaɗa, ya ce wannan abu ne da likitocin ƙasarsu za su so su karanta. Ya goge ɗigon Tungar Magarya ya mayar da shi ƙetaren layin iyaka. Game da roƙona kuwa, ya ce akwai ƙa'ida tsakanin gwamnatoci biyu, dole a sanar da kumandan. Na ce za su sa wuta. Ya ce zai rubuta a takardar cewa ƙonawa ba ta da amfani. Ya rubuta ɗin, na gani da idona, ni ma aka ba ni takardar na miƙa wa manzo.

Bayan kwana huɗu muka hango hayaƙi daga arewa. An ce likitan Faransa ya zo da magani, bayan gardi sun gama nasu aikin. Di'o ya iso ya saurari komai, ya ce lalle Magaji bai ɓoye ciwo a garinsa ba, amma ya karɓi marasa lafiya daga wata ƙasa bai sanar ba, wannan ya fi muni. Aka warware masa rawani. A cikin makon aka yi ruwan farko, kuma duk wanda ya san sanƙarau ya san ruwa na sauka yake tafiya. Da na yi shiru na kwana goma kacal, da ciwon ya wuce da kansa, da rumbunan Garin Tanko na nan. Wannan lissafin nake yi kullum, kuma ya hana ni jin daɗin tuwo.

Kafin mu bar ƙasar aka aike ni in buɗe hanyar Tungar Magarya. Ban so zuwa ba, amma na je. Na tarar da Barmo a kan tsani da 'yar hula, yana mayar da jinkan zaurensa da kansa. Yaran Labbo uku na zaune a gindin bango, an kawo su don babu abin da za su ci a can. Gwaggo Jimma ta wuce ni kamar ba ta ga mutum ba. Shi kuwa ya sauko, ya yi mini maraba, ya sa aka dama fura. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na riƙe ludayi na kasa kai shi baki.

"Littafin naka na nan?" ya tambaye ni.

Na ce yana nan.

"An ce uwar yaran nan Ingilishi sun ƙirga ta a nan, Faransa sun ƙirga ta a can. Sau biyu ke nan. Ba wanda ya tambayi ko wace ce." Ya dubi yaran. "Rubuta. Sunanta Hajo."

Matan da ke tsakar gida suka daina daka. Tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. Na buɗe littafi na duba, akwai gurbin gari, akwai na rana, akwai na adadi, babu na suna. Na rubuta shi a gefen takarda.

Da muka dawo Sakkwato, Likita ya aika rahotonsa, aka yaba masa, ni kuma aka ƙara mini girma aka ba ni keke. Shi ne wanda kuke ta shafawa kuna yi mini barka. Wanda ke sonsa ya zo ya hau, ni tun da aka ba ni a ƙafa nake zuwa aiki.